BUHUN TAKI YA ƘARE, ME YA RAGE A GONA?

Duk shekara, da zarar an kawar da shinkafa, aka ji iskar hunturu ta fara kaɗawa, magana ɗaya ce a bakin manoman alkama tun daga Malam Madori har Haɗejia da Auyo: taki ya zo ko bai zo ba, buhu nawa a ke bayarwa, wa ya sami shiga takarda, wa aka tsallake. Mahukunta kuwa da ma abin da su ke so ke nan, domin buhu abu ne da a ke iya ƙirgawa, a loda shi a mota, a tara jama'a a yi jawabi a kansa. To, mu a wannan mako muna so mu ta da wata tambaya wadda ba a yin ta a wurin jawabi. Bayan an zuba takin nan, an girbe alkama, an kai ta kasuwa, me ya rage a cikin ƙasar gonar? Abin da ya rage ɗin kuma, na wane ne?

Kada mai awon hatsi a kasuwa, ko mai gasa gurasa, ko mai tuyar finkaso da alkaki, ya ce wannan zance na manoma ne, ba ruwansa. Da ruwansa ƙwarai. Kuɗin takin da manomi ya kashe a watan Nuwamba, shi ne a ke karɓa a hannun mai saye a watan Afrilu, a cikin kowane mudu. In ƙasa ta gaji, ta zama ba ta ba da kome sai an ƙara mata buhu a kan na bara, to, daga mai noma har mai saye babu wanda zai kuɓuta.

ABIN DA KE CIKIN BUHU

Bari mu fara da abin da a ke saya. Babban abincin da alkama ta ke nema a ƙasa wani sinadari ne da masana ke kira naitirojin. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, shi ke sa gindi ya yi 'ya'ya, shi ke sa ƙwaya ta cika. In ya yi ƙaranci, sai ka ga ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa, alkama ta tsaya gajeriya, zangarniya ta fito ƙarama. Buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 ne na naitirojin a cikinsa. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15, kilo 7 da rabi ne kaɗai. Malaman gona kuwa su kan ce hekta ɗaya ta alkama tana bukatar wajen kilo 100 zuwa 120. Watau in mutum ya zuba kamfa buhu 4 da yuriya buhu 3, ya sami kilo 99, da kyar ya taɓa ƙaramin ma'aunin.

A shekarar 2017 Gwamnatin Tarayya ta yanka wa buhun kamfa na shirinta kuɗi naira 5,500. Daga nan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, takin duniya ya yi tsada. Aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi. Kafin 2024 ta ƙare, buhu ya haura naira 30,000 a kasuwanni da yawa. Abin mamaki, yuriyar nan a ƙasar nan a ke yin ta: akwai masana'antar Indorama a Eleme, ga ta Dangote a Legas da aka buɗe a watan Maris na 2022. Amma talakan Haɗejia yana sayenta kamar daga bayan teku aka kawo masa.

To, da a ce duk abin da ya zuba alkama ce ke cinyewa, da da sauƙi. Ina! Masana sun gwada wannan a ƙasashe da yawa, ta hanyar sa wa naitirojin wata alama don su bi sawunsa su ga inda ya shiga. Abin da su ka samu shi ne, hatsin da aka zuba wa takin ba ya ɗaukar abin da ya wuce sulusi zuwa rabi. A cikin buhu 4 ke nan, biyu ko fiye ba su shiga cikin alkama ba. Wani ya tashi iska, musamman in an watsa yuriya a kan ƙasa da rana tsaka ba a rufe ta ba. Wani ruwan ban-ruwa ya nutsar da shi ƙasa, can inda saiwa ba ta kaiwa, balle a gona mai rairayi. Wani kuma ya salwanta in ruwa ya kwanta a fangali ya daɗe. Akwai wanda ya kan maƙale a cikin ƙasa, amma gwajin nan ya nuna abin da shukar da ta biyo baya ta ke samu daga gare shi ɗan kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin 10 na abin da aka zuba ba.

Saboda haka takin buhu ɗan ƙodago ne. Ka biya shi da safe, ya yi maka aikin yini da ƙarfinsa, da magariba ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Ba mu raina ɗan ƙodago ba, gama in babu shi aiki ba ya ƙarewa a kan kari. Amma ba a gina gida a kansa.

TAKIN DA A KE SHUKAWA

Akwai wani taki wanda ba a loda shi a mota. Iskar nan da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, yana nan a kan gonar sarki da ta talaka daidai wa daida, ba a sayar da shi. Sai dai alkama da shinkafa da gero da dawa ba su iya cinsa daga iska. Allah ya ba dangin wake wannan baiwa: wake, da gyaɗa, da waken suya, da gujiya, da zamarke, har da itacen gawo. Wanda ya ke shakka ya tumɓuke gindin wake mai wata guda da rabi, ya wanke saiwar, zai ga waɗansu ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ya fasa ɗaya da farce. In ya ga cikinsa ja-ja, to, ga masana'antar taki nan tana aiki. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke zaune a ciki, suna kama naitirojin na iska suna ba shukar, ita kuma tana ciyar da su. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su ne su ka bayyana wannan sirri a shekarar 1886. Amma kakanninmu ba su jira Jamusawa ba kafin su riƙa sa wake a tsakanin gero, ko su hana a sare gawo, domin sun ga da idonsu yadda hatsi ke yi a ƙarƙashinsa.

Abin da a ke nufi da takin ɗanyen ganye shi ne, a shuka irin waɗannan, a bar su su yi mako 6 ko 8, sa'an nan tun suna ɗanye, kafin su yi ƙwari, a bi su da garma a binne su a cikin ƙasa su ruɓe. A ƙasar Indiya, a lardin Punjab da maƙwabtansa, inda a ke noman shinkafa da damina, alkama da sanyi, kamar yadda a ke yi a fadamun Haɗejia, an daɗe ana gwada wannan da wani ɗan'uwan zamarke. Sun tarar a cikin wata biyu ya kan tara naitirojin kimanin kilo 60 zuwa 100 a hekta, watau abin da ke cikin yuriya buhu 3 ko 4. Shi kuwa zamarke ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana fitowa da kansa a bakin fadama, ba ya tsoron kwanciyar ruwa, mu ne dai mu ke kallonsa a matsayin ciyawar banza. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, wani lokaci kuma shi ke cika maka rumbu.

A nan dole mu faɗi gaskiya, kada a ce mun zo da maganin a sha yanzu, magani yanzu. Ganyen da aka binne ba ya sakin abincinsa gaba ɗaya. Shukar da ta fara biyo bayansa ita ke samun babban rabo. In an binne shi kafin dashen shinkafa, shinkafa ce za ta fi mora, har mai gona ya rage mata yuriya. Alkamar da za ta zo bayan shinkafar ragowa za ta samu, ragowar nan kuwa a shekarar farko ba ta da yawa. Wanda ya ce maka ka binne ganye sau ɗaya ka daina sayen taki, ya yaudare ka. Sai dai bambancin yana nan: abin da shuka ba ta ci ba na ɗanyen ganye, mafi yawansa ba ya guduwa kamar na yuriya. Ya kan zauna ya zama jikin ƙasa, ya sa ta yi duhu da laushi, ta riƙe laima, ta kuma riƙe takin buhun da za a zuba mata daga baya. In aka maimaita shekara da shekaru, ajiya ce ke taruwa. Ɗan ƙodago ya fi yin aiki mai kyau a gidan da ke da tuwo.

SHAIDA DAGA GONAKIN GWAJI

Wanda ya ke so ya san tsawon ran irin wannan ajiya, ga labari daga Ingila. A wani wuri da a ke kira Rothamsted akwai gonar gwaji da a ke shuka alkama a cikinta tun shekarar 1843, wani yanki da takin shanu, wani da takin zamani, wani ba kome, ana auna amfanin kowanne ana rubutawa. Kusa da ita akwai ta sha'ir. A cikin ta sha'ir ɗin an zuba wa wani yanki takin shanu shekara 20, daga 1852 zuwa 1871, sa'an nan aka daina. Bayan fiye da shekara 100 masana su ka auna ƙasar, su ka tarar har yanzu ta fi maƙwabciyarta da ba a taɓa zuba wa ba. Waɗanda su ka kwashi takin nan a amalanke sun mutu, jikokinsu sun mutu, ƙasa ba ta manta ba.

Mun sani ƙasarmu ba Ingila ba ce. Zafin ranarmu da gara su kan cinye ruɓaɓɓen ganye da sauri, shi ya sa mu sai mun riƙa mayarwa a kai a kai. Amma mu ma muna da tamu shaidar. A Samaru ta Zariya an kafa gonar gwaji tun 1950, ana gwada takin shanu da takin zamani, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe. Abin da shekaru su ka nuna shi ne, inda aka dinga zuba takin naitirojin na buhu shi kaɗai, ƙasa ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu. Inda aka haɗa shi da takin dabbobi kuwa, ta fi riƙe albarkarta. Wannan ilmi da kuɗin jama'a aka same shi, yana rubuce a cikin takardu. Manomi nawa ne a ƙasar Haɗejia aka taɓa zaunar da su aka karanta musu shi da Hausa?

Mutanen Malam Madori ba sai an koya musu darajar dangin wake ba. Garin nan jirgin ƙasa da gyaɗa su ka raya shi, tun da aka ja hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru wajen 1930. A wancan zamani gyaɗa da gero su ke karɓa-karɓa a gonakin tudu, harawa ta shiga bakin dabbobi, taki ya koma gona a kan jaki. Fulani kuma su kan sauka a gona bayan kaka, har mai gona ya ba su hatsi don shanu su kwana masa. A fadama kuwa kogi ne da kansa ke zuwa kowace shekara ya shimfiɗa sabuwar laka. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya wancan ciniki. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canja zuwan ruwa da lakarsa. Yau a gonaki da yawa na fadama shinkafa ce ke bin alkama, alkama na bin shinkafa, dukansu masu ci ne, babu mai mayarwa. Karan ma da ya rage, wani ya kan cinna masa wuta don ya yi saurin gyara fili, naitirojin ɗin da ke cikinsa ya bi hayaƙi.

ME YA HANA TALAKA?

To, in abin yana da amfani haka, me ya sa talaka ba ya yi? Ma'aikata su kan ce jahilci ne. Mu ba mu yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1920, ma'aikatar gona ta gwada binne ɗanyen ganye a Ibadan, ta yi ta kiran manoma su kwaikwaya, ba su karɓa ba. A Arewa kuwa tsawon rani ya sa aka bar maganar, aka koma kan noma da shanu. Manoman wancan lokaci ba wawaye ba ne, na yanzu ma haka. Suna da dalilai, ga su.

Na farko, yunwa. Mai 'yar gona ɗaya da iyali goma ba zai shuka abin da ba za a ci ba. Na biyu, harawa kuɗi ce. Duk mai zuwa kasuwa ya san abin da damin harawar wake ke yi da bazara, balle in Babbar Salla ta gabato masu kiwon raguna suna nema. Ka ce wa mutum ya binne ta, kamar ka ce ya binne takardar kuɗi ne. Na uku, ruwa. Lokacin da gonar alkama ta ke zaune ba kome shi ne daga girbi a watan Maris zuwa saukar damina, lokacin da rana ta fi ƙuna. Ba abin da zai tsiro sai da ban-ruwa, injin ban-ruwa kuwa ba ya shan ruwan rijiya, fetur ya ke sha.

Na huɗu shi ne wanda ba a son a faɗa. Da yawa daga cikin masu noman alkama a fadama ba a gonarsu su ke yi ba. Wani haya ya kama ta shekara guda, wani aro, wani tasa ce amma tana jingine a hannun mai kuɗi. To, a ce Malam Wane ya kama haya, ya kashe kuɗin mai, ya shuka zamarke, ya binne, ya yi ta jigilar taki, ƙasa ta farfaɗo. Baɗi mai gona ya ga ta yi kyau, sai ya ce shi zai noma abinsa, ko kuwa ya ninka kuɗin haya, ko ya ba wani da ya fi tsoka. Ajiyar da Malam Wane ya yi a cikin ƙasa, zai haƙa ya tafi da ita ne? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka ɗan haya mai hankali yuriya zai saya, wadda zai zuba bana ya kwashe bana, ya bar gonar yadda ya same ta ko ƙasa da haka. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsarin ne ya koya masa.

Wannan matsala ma an taɓa yin ta a Ingila, aka kuwa yi mata doka. A shekarar 1875 majalisarsu ta kafa dokar da ta ce ɗan hayar gona yana da hakkin a biya shi ladan gyaran da ya yi wanda amfaninsa bai ƙare ba, har da ragowar taki, in zai bar gonar. Da aka ga masu ƙasa suna zille wa dokar, sai aka mai da ita tilas a 1883. Masanan Rothamsted ɗin nan su ne su ka tsara lissafin abin da kowane irin taki ke bari a ƙasa, don a san abin da za a biya. Watau sun gane fiye da shekara 140 da su ka wuce cewa ragowar taki dukiya ce, tana da mai ita. A nan kuwa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin gonakin karkara. Wanda aka ba amana, ai shi a ke tambaya.

BUHU A KE ƘIRGAWA

Mun ga shirin alkama ba ɗaya ba, ba biyu ba. An kafa Hukumar Kogin Haɗejia da Jama'are a 1976. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ce kowa ya noma, har waɗanda ba su san zangarniyarta ba su ka zama manoman alkama a takarda. A 1992 aka ɗage hanin, masu takarda su ka watse, manomi na gaskiya ya zauna da gonarsa. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ƙirga a 2021, ta tarar alkamar da ƙasar nan duka ta noma ba ta cika tan 37,000 ba, alhali abin da a ke shigowa da shi ya haura tan miliyan 4 a shekara. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka zo nan ƙasar Haɗejia aka ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani, aka ce Gwamnati za ta biya rabin kuɗin iri da taki.

Ba mu ƙi tallafi ba. Kuɗin jama'a ne, in ya dawo hannun jama'a, madalla. Irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, kamar Norman da Reyna, iri ne masu kyau, suna kuwa son ci. Abin da mu ke cewa shi ne, duk shirye-shiryen nan ma'auninsu ɗaya ne: buhu nawa aka raba, hekta nawa aka rubuta. Ba a ƙirga abin da aka bari a cikin ƙasa, domin ba a ba da kwangilarsa, ba a kuma ɗaukar hotonsa. Ranar da tallafi ya tsaya, kamar yadda na baya su ka tsaya, wa za a bari da gajiyayyiyar gona? Ba mai jawabi ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, duk shirin da zai raba iri da taki na alkama, ya haɗa da irin dangin wake: wake mai saurin nuna irin wanda cibiyar IITA ta Kano ta fitar, wanda ke isa girbi a cikin kwana 60 zuwa 70, da irin zamarke don gonakin da ruwa ke kwanciya. Waken nan ya amsa maganar yunwa, domin za a tsinke 'ya'yan a ci ko a sayar, saiwa da ganyen da ya zube su zauna a gona.

Na biyu, a gonakin da ke shan ruwan hukuma, a saki ruwa a tsakanin girbin alkama da damina ga duk wanda zai shuka waɗannan, a kuma yafe masa kuɗin ruwan wannan zango. A share kacalla da ta toshe magudanai, don ruwan ya kai ga na ƙarshen layi.

Na uku, hukumar gona ta jiha, watau JARDA, ta kafa gonakin gwaji a bakin hanya, a Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejia, yanki da yuriya kaɗai, yanki da ɗanyen ganye da yuriya, a riƙe su aƙalla shekara 5, a auna amfanin a gaban jama'a ranar kasuwa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, a riƙa auna ƙasa kafin a ce wa mutum ga buhun da zai zuba. Gonar da aka binne wa ganye da wadda aka ƙone wa kara ba bukatarsu ɗaya ba, ba daidai ba ne a rubuta musu lissafi ɗaya.

Na biyar, shi ne babba. Majalisar jiha ta yi dokar hayar gona: kada hayar fadama ta gaza shekara 3, a rubuta ta a gaban shaidu, in kuwa mai gona zai karɓi abinsa kafin lokaci, ya biya ɗan haya ladan gyaran da ya bari a ƙasa. Masu gona na kirki ba abin da za su rasa, gama gonar da aka kula da ita za a mayar musu.

KAFIN SU AMSA

Amma ba za mu naɗe hannu muna jiran mahukunta ba. Ya ku manoma, akwai abin da ke hannunku tun yau. Kada ku cinna wa karan shinkafa wuta. In za ku binne shi, ku binne da wuri, makonni kafin shuka, domin busasshen kara ya kan fara cin naitirojin na ƙasa kafin ya ruɓe, in an matsa masa sai alkama ta fito ɗorawa. In kun sayar da harawa, ku tuna gona ta biyo ku bashi. In dabbobinku ne su ka ci, ku mai da mata takinsu. Yuriya kuwa kada a zuba ta gaba ɗaya. A raba ta, wani wajen shuka, wani in alkama ta fara 'ya'ya, a zuba da sanyin rana, a bi ta da ruwa daidai kima, ba wanda zai kwashe ta ba. A yi shuka a kan kari, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin alkamar da zafin Maris ya tarar ba ta cika ƙwaya ba, duk takin duniya ba zai cece ta ba. Wanda bai gamsu da maganarmu ba, ya ware fangali biyu ko uku a gefen gonarsa ya gwada shekara 3, ya riƙa auna abin da ya samu da mudu. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Masu kama haya kuma ku haɗa kai. In mutum ɗaya ya nemi hayar shekara 3, za a ce ya tafi, ga wani. In ƙungiyar gama kai ta mutum 50 ta nema da baki ɗaya, za a zauna a saurare ta.

Ku kuma 'yan kasuwa, musamman masu ba manoma taki bashi su biya da alkama ranar girbi, ku dubi gaba. Manomin da gonarsa ke raguwa kowace shekara, wata rana ba zai iya biyanku ba, a yi ta sammaci da ɓacin zumunci a banza. Ku ajiye irin wake a rumfunanku kusa da buhunan yuriya, ku saye shi da daraja in an kawo.

In wani ya zo neman ƙuri'a ya ce muku ya kawo taki mota kaza, ku yi masa godiya, sa'an nan ku tambaye shi abin da ya tanadar wa ƙasar bayan buhun ya ƙare, da abin da ya tanadar wa ɗan haya. In ya amsa, ku riƙe maganarsa ku jira shi da ita. In ya yi shiru, kun san matsayinsa.

Allah ya raya mana ƙasarmu, ya ba mai noma ladan guminsa, amin.